Darasi na 14: Yadda Ake Sabar wa Kyanwa da Zaman Cikin Gida

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ka iya:
1. bayyana dalilan da ke sa a hana kyanwa yawo a waje;
2. jera matakan da ake bi wajen sabar mata da zaman gida;
3. amfani da umarni da hani a cikin jimla.

Karatu

Kyanwa tana daga cikin dabbobin da suka daɗe tare da ɗan Adam. Hausawa suna kiranta kyanwa ko mage, namijin kuma muzuru. A yawancin gidajenmu ba a ɗaure ta, ba a kulle ta. Takan haura katanga ta fita, ta yi farautar ɓera da ƙadangare, ta dawo lokacin da ta ga dama.

To, amma zama yakan canja. A ce iyayenka sun tashi daga gida mai faɗin tsakar gida, sun koma hawa na uku a wani bene a Legas ko Fatakwal, ga babban titi a ƙofar gida. Ko kuwa maƙwabcinku ya kawo ƙara cewa kyanwarku ta cinye masa 'yan tsaki. A nan dole a zaɓi ɗaya: ko a rabu da ita, ko a koya mata zaman cikin gida.

Haɗarin da Ke Waje

Kada ka ɗauka hana kyanwa fita zalunci ne. A waje mota takan take ta, kare yakan yayyaga ta. Idan ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma gubar tana iya kashe ta. Takan kwaso ƙuma da kaska da tsutsar ciki. Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Kyanwa ma tana kamuwa da shi idan dabba mai ciwon ta cije ta, kuma tana iya sa wa mutum. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a rayu. Saboda girman haɗarinsa ne aka ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakar da duniya a kansa.

Sai dai fa kyanwar da ta saba da yawo ba za ta karɓi kulle da daɗin rai ba. Duk abin da take samu a waje, wato farauta da hawa da wurin ɓuya da ƙasar da take tonawa, wajibi ne ka samar mata madadinsa a ciki.

Mataki na Farko: Likitan Dabbobi

Kafin komai, ka kai ta wurin likitan dabbobi ya duba lafiyarta, ya yi mata allurar rigakafi, ya ba ta maganin tsutsa da na ƙuma. A Najeriya akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, inda ake sarrafa alluran rigakafi na dabbobi. Jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka kuma suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi. Ka nemi shawarar likita game da aikin hana haihuwa, domin neman jinsi yana daga cikin manyan abubuwan da ke fitar da kyanwa. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawo da faɗa da fesa fitsari a bango. Ta macen kuwa cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai, tana kuma iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara.

Mataki na Biyu: Shirya Mata Wuri

Ka ware mata ɗaki ɗaya ko wani lungu marar hayaniya. Ka ajiye kwali da tsohon zane a ciki, domin kyanwa idan ta tsorata wurin ɓuya take nema. Ka tanadi kwanon abinci da na ruwa. Sannan ka sami baho mai faɗi, ka zuba masa yashi mai laushi. Wannan shi ne makewayinta. Tun da ta saba da tona ƙasa, ka haɗa yashin da 'yar ƙasar wurin da take zuwa a da, za ta fi saurin ganewa. Kada ka ajiye bahon kusa da abincinta, don kyanwa ba ta son cin abinci a inda take kashi. Ka kwashe ƙazantar kowace rana, ka wanke hannunka da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, saboda kashin kyanwa yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi.

Mataki na Uku: Sannu Sannu

Idan da hali, kada ka kulle ta farat ɗaya. Ka fara da ba ta abinci a cikin ɗaki kawai, safe da yamma. Bayan ta ci, ka bar ƙofa a rufe na ɗan lokaci. Gobe ka ƙara lokacin, jibi ka sake ƙarawa, har ta fara kwana a ciki. Damina ko tsakiyar hunturu su ne lokutan da suka fi dacewa a fara, domin ita kanta tana gudun ruwa da sanyi. Idan kuwa sabon gida kuka koma, sai a tsare ta a ciki tun ranar farko, domin in ta fita tana iya ɓacewa wajen neman tsohon gidanku.

Mataki na Huɗu: Wasa da Motsa Jiki

Kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, amma da asuba da almuru jininta yakan tashi, don lokacin farautarta ke nan. Ka ɗaura gashin kaza a bakin igiya, ka riƙa ja a ƙasa tana bi tana cafkewa. Minti goma zuwa goma sha biyar, sau biyu a rana, za su rage mata ƙunci. Idan kun gama, ka ɗauke igiyar kada ta haɗiye ta, sannan ka ba ta abinci. Ka naɗe wani katako da igiya ko buhu don ta riƙa wasa faratanta, in ba haka ba kujerun babanka za su sha yakushi. Ka kuma gyara mata wurin zama a bakin taga mai ƙwaƙƙwarar raga, ta sha iska, ta kalli tsuntsaye.

Abin da Za Ka Fuskanta

A makonnin farko za ta yi ta kuka a bakin ƙofa, musamman da dare. A nan ne mutane da yawa suke karaya. Idan ka buɗe mata sau ɗaya, ka koya mata cewa kuka yana buɗe ƙofa, gobe sai ta ƙara ƙaimi. Kada ka buɗe, kada kuma ka doke ta. Duka ba ya koya wa kyanwa komai sai tsoronka. Ka faɗa wa kowa a gidan ya duba ƙasa kafin ya buɗe ƙofa.

Kyanwa maciyar nama ce, saboda haka tuwo ko shinkafa kaɗai ba za su riƙe ta ba. Ka ba ta dafaffen nama ko kifi marar ƙaya. Albasa da tafarnuwa suna cutar da ita, madara kuma takan sa da yawa daga cikinsu zawo. Kada ka kuskura ka ba ta farasitamol, ko ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Idan ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, ko ka ga muzuru yana ta yunƙuri fitsari ya ƙi fita, ka garzaya wurin likita.

Wata kyanwar takan saba cikin 'yan makonni, wata sai ta ɗauki watanni. Ranar da ka ga an buɗe ƙofa, ta ɗaga kai ta duba, ta koma ta kwanta, to aikinka ya yi kyau. Ka tuna, tun da kai ka rufe mata ƙofa, cinta da shanta da lafiyarta duk sun koma wuyanka.

Sababbin Kalmomi

muzuru: namijin kyanwa
guba: abin da ke kashewa idan an ci
madadi: abin da ke tsayawa a matsayin wani
makewayi: wurin yin bayan gida
almuru: lokacin da rana ta faɗi, duhu ya fara
karaya: rasa ƙwarin gwiwa
garzaya: tafi da sauri

Karin Magana

1. Rigakafi ya fi magani.
2. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.
3. Kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ana faɗin haka ga wanda ba ya iya cutar da kowa.

Nahawu: Umarni da Hani

Ana ba da umarni da ka ga namiji, ki ga mace, ku ga mutane da yawa ko don girmamawa. Idan za a yi hani, sai a sa kada a farkon jimla.

Ka rufe ƙofa. Kada ka rufe ƙofa.
Ki ba ta ruwa. Kada ki ba ta madara.
Ku yi wasa da ita. Kada ku doke ta.

Auna Fahimta

1. Kawo haɗura uku da kyanwa ke fuskanta a waje.
2. Me ya sa ba a ajiye bahon yashi kusa da abinci?
3. Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a fara wannan horo? Don me?
4. Me zai faru idan ka buɗe ƙofa saboda kukanta?
5. Wanne daga cikin karin maganar nan ya dace da mataki na uku?

Aikin Gida

1. Fitar da jimlolin hani biyar daga cikin karatun, ka mayar da su ga mace, sannan ga mutane da yawa.
2. Za ka yi tafiyar mako ɗaya. Rubuta wa ƙanwarka jimloli goma kan yadda za ta kula da kyanwarku.
3. Yaya ake kiran kyanwa a harshenku? Nemo karin magana ɗaya a kanta, ka bayyana wa 'yan ajinku ma'anarsa da Hausa.