Kafin Ka Jona Sandar Wasan da Ka Haɗa, Auna Wayoyinta

Aikina gyaran kayan lantarki ne, kuma a 'yan shekarun nan matasa na yawan kawo min tsofaffin na'urorin gem, musamman Sega Mega Drive, wadda ta fara fita a Japan a 1988. Wasu sun lalace ne saboda tsufa. Amma waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu lafiya ƙalau da aka ƙone wajen gwada sandar wasa irin ta gidajen gem, wadda mai na'urar ya haɗa da hannunsa.

Haɗa sandar abu ne mai kyau, ina ma ƙarfafa gwiwa a kai. Kafinta zai yi maka akwatin katako mai nauyi don kada ya riƙa zamewa a cinya. Maɓallan kamfanin Sanwa ko Seimitsu ramin milimita 30 suke buƙata, ƙaramin na Start kuma 24. Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen fulogi.

Fulogin Mega Drive haƙora 9 gare shi, kuma kamarsa ɗaya da na Atari 2600, har ɗaya kan shiga ramin ɗaya. Sai dai wayoyin ciki sun sha bamban. A Atari, wutar bolt 5 tana haƙori na 7 ne, a Sega kuwa tana na 5. Wanda ya bi zanen wata na'ura ya haɗa wa wata, ko ya ƙirga haƙoran ta bayan fulogi inda dama ta koma hagu, yana iya haɗa wuta da negatif kai tsaye. Daga nan sai warin ƙuna.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba. Sama, ƙasa, hagu, dama, A, B, C da Start, takwas ke nan, ga wuta da negatif, ga wayar da na'urar ke tambayar hannun wasan da ita. Haƙora 9 ba za su isa ba. Shi ya sa Sega ta sa ƙaramin IC mai lamba 74HC157 a cikin hannun wasan, wanda ke sa A da B su raba haƙori na 6, Start da C su raba na 9. In babu shi, ka danna B, A ma ya amsa.

Don haka shawarata ita ce ka nemi tsohon hannun wasa wanda robobinsa suka mutu amma fanel ɗinsa na aiki. Ciro fanel ɗin, ka kankare baƙin shafen da ke wurin kowane maɓalli a hankali har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, sannan ka liƙa siririyar waya da dalma, ka kai ta sabon maɓallin. Negatif ɗaya ya zagaya dukkansu. Mai son buga Street Fighter II ya nemi fanel mai maɓalli shida, wanda ya fito a 1993.

Kada ka yarda da launin waya, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Ɗauki mita, ka sa ta a wurin da take ƙara, ka taɓa haƙori na 5 da na 8 tare. In ta yi ƙara mai ɗorewa, kada ka jona. Kuma ka kashe na'urar duk lokacin da za ka sa fulogi ko cire shi.

An daɗe da daina ƙera waɗannan na'urori na asali, kayan gyaransu kuma sai ƙara wuya suke yi. Minti biyu na awo ya fi maka sauƙi a kan neman wata.