TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: SHIRIN FARKO A MANHAJAR ZANEN GINI

A yau ina so in yi ɗan bayani game da wani abu da masu koyon zanen gini da kwamfuta suke rainawa, alhali kuwa shi yakan jawo musu asarar lokaci da kuɗi. Wannan abu shi ne shirya launin fuska da salo da takardar farawa tun kafin a ja layi ko ɗaya.

Manhajar da zan kafa misali da ita ita ce SketchUp. Wani ƙaramin kamfani na garin Bolda, a Jihar Kolorado ta Amurka, shi ya fito da ita a shekarar 2000. Kamfanin Google ya saye ta a 2006, sa'an nan kamfanin Trimble ya saye ta daga hannun Google a 2012. Da ita ake zana gida ko kujera ko masallaci, a gan shi da tsawo da faɗi da bisa, a juya shi ta kowane ɓangare.

Da farko dai, mene ne fuska? In ka ja layuka uku ko fiye a kan shimfiɗa ɗaya, suka haɗu suka rufe, sai manhajar ta cike tsakaninsu. Wannan cikon shi ake kira fuska. Kowace fuska tana da gaba da baya, kamar yadda atamfa take da wajen da ake nunawa da wajen da yake taɓa jiki. Don a bambanta su, yawancin salon da manhajar take zuwa da shi yakan sa gaba fari, baya kuwa shuɗi mai ruwan toka. Ƙa'ida ita ce gaba ya dubi waje, baya ya dubi ciki. Saboda haka in ka zana akwati ka ga shuɗi a wajensa, to, akwatin nan ya sa rigarsa a baibai.

Wani zai ce, ai sai in shafa fenti in rufe shuɗin. A nan ne kuskuren yake. Fenti yana rufe launi ne kawai, ba ya juya fuska. Ranar da aka kai zanen wata manhaja don a fitar da hoto mai kama da na gaske, sai ka ga bangon nan ya fito baƙi ko ya ɓace ɗungum, domin waɗansu manhajoji ba sa kula da bayan fuska. Haka nan injin da yake ƙera abu da roba daga zane yana dogara ne da inda fuskoki suka duba kafin ya san ina ne ciki ina ne waje. In sun rikice, aikin yana iya lalacewa, a yi asarar roba.

Maganin abin ba wuya. A mai da zanen zuwa kallo mai launi ɗaya, watau wanda yake ɓoye fenti duka ya nuna launin asali. Duk inda baya ya leƙo, sai a danna maɓallin dama na linzami a kansa, a zaɓi umarnin juya fuska. Gwanaye da yawa sukan canja launin baya zuwa mai ƙarfi, kamar kore shar ko ruwan hoda, domin fari da shuɗi-shuɗi sukan yi kama in inuwa ta faɗa musu.

Ya kamata kuma a san cewa launin asali ba fenti ba ne. Alal misali, in ka ɗaure sassan kujera wuri ɗaya suka zama rukuni, ka shafa wa rukunin jan launi, duk fuskar da ba a taɓa fentinta ba za ta koma ja, amma wadda aka riga aka shafa wa nata za ta zauna yadda take.

Na biyu shi ne salo. Salo shi ne yake riƙe da launin gaba da na baya, da kaurin layuka, da launin sama da ƙasa. In ka canja launin gaba a cikin salo, nan take duk fuskokin da ba su da fenti za su canja. Amma a kula da abu biyu. Bayan gyara sai an danna alamar sabunta salo kafin gyaran ya zauna. Bugu da ƙari, salo yana zaune ne a cikin fayil ɗin da kake aiki. In ka buɗe sabon fayil gobe, tsohon launi za ka tarar.

Wannan ne ya kawo mu kan na uku, watau takardar farawa. Ita kamar abin buga bulo ce: an gyara shi sau ɗaya, kowane bulo ya fito daidai da ɗan'uwansa. Yadda ake yin ta shi ne, a buɗe sabon fayil, a zaɓi ma'auni, a gyara salo, a share duk abin da ba a bukata don kada fayil ya yi nauyi. Sa'an nan a shiga jerin umarnin fayil, a zaɓi ajiye shi a matsayin takardar farawa, a ba shi suna, a sa alamar da za ta sa manhajar ta riƙa buɗewa da shi kullum.

Kada a yi wasa da maganar ma'auni. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. In takardarka tana kan inci, ka buga 2 kana nufin ƙofa mai tsawon mita 2, za ka sami ƙofa mai santimita 5.08, wadda ko ɓera sai ya sunkuya. Mu a nan ma ya fi kamata mu kula, tun da ana sayar da fili da ƙafa, a ce 50 da 100, amma a makaranta da mita muke lissafi. Manya ma abin ya taɓa cin su. A shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mas, domin wani ɓangaren ma'aikata ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren kuwa da ma'aunin mita.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, inda mutane da yawa suke aiki da kwamfuta ɗaya, a yi takardar farawa guda ɗaya da izinin malami, kada kowa ya taɓa ta. Ta haka in aka haɗa zanen mutum biyar, ba za a sami bango da mita, taga da inci ba. Iyayenmu kuma, in kun ga yaro ya ɗauki minti goma bai zana kome ba yana ta gyare-gyare, kada ku ce wasa yake yi. Harsashi yake haƙawa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.