Yadda Za Ka Gano Ƙarar Ƙafar Gaban Tsohuwar Mota Ka Gyara

Da zarar gaban mota ya fara ƙwal-ƙwal, abin da aka saba ji a gareji shi ne "shokazoba ce". Sau da yawa ba ita ba ce. Kada ka sayi komai sai hannunka ya taɓa abin da ke motsi. Mu ɗauki misalin Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008; Golf 3 ma kusan tsarin gabansu ɗaya. Tanadi jak, ƙarfen tokare mota, weji, sifanu, liba, tocila, da mutum guda mai taya ka.

1. Fara da kunne. Sauke gilas, kashe rediyo, ka bi hanya mai gargada a hankali. Ƙwal-ƙwal mai sauri a ƙananan ramuka galibi linkin sitabilaiza ne. Gwaf mai nauyi in ka taka birki ko za ka tashi, zargi bushin lowa-am. Ƙas-ƙas idan ka karya sitiyari gaba ɗaya kana tafiya, kan shaf ne. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuwa na boris ne.

2. Faka a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ja birkin hannu, sa weji a tayoyin baya. Danna kusurwar gaban motar da ƙarfi ka saki. In ta ci gaba da lilo fiye da sau ɗaya, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shokazobar, to ta gaji.

3. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Tokare motar da ƙarfen. Kada ka kuskura ka sa kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe, kuma bulo ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba zato.

4. Nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Mayar da notunan su ɗan kama. Riƙe tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In ka ji wasa, sa abokin aikinka ya taka birki ka sake. Wasan ya ɓace? Boris ne. Yana nan? Duba bol-join. Sai ka riƙe ta dama da hagu. Wasan wannan gefen na tayarod ne. Abokin aikin naka kuma ya haska tocila, ya ɗora yatsa a kan kowane haɗi kana jijjigawa. Yatsa na jin abin da ido bai gani ba.

5. Cire tayar. Kama linkin sitabilaiza ka girgiza, ka zura liba kusa da bushin ka ɗan matsa. Robar da ta tsage, ko giris da ya fito ya cakuɗe da ƙura, alama ce ƙasa ta shiga ta ci haɗin.

6. Canja abin da ka kama kawai, ka tafi kasuwa da tsohon a hannu don gwadawa. Bol-join mai wasa ba ya jiran ƙarshen wata: in ya fita kana tafiya, tayar lanƙwashewa take yi. Ban yarda da cusa masa leda ko bubbuga shi don ya matse ba. Shokazoba kuma biyu ake canjawa tare. Notin tsakiya na samanta, kada ka taɓa shi sai an matse sifirin da abin matsewa, domin in ya ƙwace yana karya ƙashi.

7. Notunan bushin kada ka ɗaure su tamau motar na sama. Sai nauyinta ya hau kan tayoyi, in ba haka ba sabuwar robar za ta murɗe ta tsage da wuri.

8. Ɗaure notunan taya a giciye, ka koma hanyar da ka fara gwaji a kanta. In ka taɓa tayarod, lowa-am ko shokazoba, wuce wurin alaimen a ranar, kafin taya ta fara cin gefe.