Ladubban Raba Gurbi Tsakanin Masu Fatsar Ƙwaro a Kogunan Birtaniya

1.0 Gabatarwa

Fatsar ƙwaro nau'i ne na kamun kifi inda ake ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sannan a wurga ta da doguwar sanda. Wurgin na cin fili mai yawa, don haka mutum biyu ba sa tsayawa kusa da juna. Wannan maƙala ta dubi yadda ake raba gurbi ɗaya idan masu fatsa sun yi yawa, tana mai nuna cewa haƙƙin mutum a wurinsu yana cikin bi da bi ne.

2.0 Tafiya da Ruwa

A kogunan Spey da Tweed na ƙasar Sikotland, mai neman kifin salmon yakan fara ne daga saman gurbi. Ya yi wurgi, ya bar ruwa ya kewaya da ƙugiyar, ya taka ƙafa ɗaya ko biyu zuwa ƙasa, ya sake wurgi. Wanda ya zo daga baya sai ya shiga ta samansa, ya bi sawunsa da tazara. Babban abin kunya shi ne a shiga ta ƙasan mutum, domin an riga shi ke nan zuwa ruwan da bai taɓa ba, an kuma firgita kifin da yake nufa. Wanda ya kafe wuri guda shi ma ya yi laifi, tun da ya tsare na bayansa. Idan kifi ya kama wa wani, na kusa da shi sukan naɗe zarensu su ba shi fili. A wurare da dama, in ya fito da kifin sai ya koma saman gurbi.

Wannan ƙa'ida takan juya a kogin Test na kudancin Ingila, inda tsarin ƙwaro mai yawo a saman ruwa ya kafu tun zamanin littafin Halford na 1886. Can ana haurawa ne, domin kifi na fuskantar inda ruwa ke fitowa, sai a zo masa ta baya. Saboda haka shiga ta sama ce laifi. Wanda ya haddace "kar a shiga ta ƙasa" bai fahimci dalili ba, zai yi ɓarna a Test yana ganin ladabi ya yi.

3.0 Kwatanci da Sun Argungu

A Matan Fada ma jama'a ke cika ruwa ɗaya, amma hanyar ta bambanta. Ana hana su a wurin har ranar biki, Sarkin Ruwa na kula da kogin, sannan dubban masunta su faɗa lokaci guda da homa da gora. Adalcin yana cikin fara su tare, kuma hukuma ce ke tsare shi. A Sikotland doka ta hana kamun salmon ranar Lahadi, amma takun nan na bayan kowane wurgi ƙa'idar ƙungiyoyi ce da idon jama'a. A ganina, nazarce-nazarcenmu sun fi karkata ga sarautun ruwa da tsafe-tsafensa, alhali abin da masunci ke yi idan homarsa ta haɗu da ta wani a kan giwan ruwa ɗaya ya cancanci a je Kabi a tambaya.