Yadda Ake Ɗaukar Hoton Wasan Ƙarshe da Wayar Hannu a Paikon Kore

Ka tambayi duk wanda ya kalli ƙwallon farko da Najeriya ta ci a Kofin Duniya, ranar 21 ga Yuni 1994 a birnin Dalas, me ya rage masa a rai. Ba zai kawo maka yadda aka buga ta ba. Rashidi Yekini zai kawo maka, tsaye cikin ragar Bulgeriya, ya damƙe ta da hannu biyu yana ihu. A Amurka ma haka take. A wasannin ƙarshe na gasar besbol ta 1956, Don Larsen ya fitar da 'yan wasa 27 a jere, babu wanda ya taka ko zangon farko, amma hoton da ya shiga tarihi shi ne na abokin wasansa Yogi Berra ya daka tsalle ya ɗafe masa a ƙirji bayan an tashi. Duka hotunan biyu an ɗauke su ne a daidai lokacin da mafi yawanmu muke sauke waya mu shiga murna.

To, ranar da samarin Paikon Kore, a yankin Gwagwalada, suka kai wasan ƙarshe na wani kofi, ga yadda za ka yi.

Shiri daga gida yake farawa. Ka cika batir, ka share tsofaffin bidiyo don samun wuri, ka sa ƙyalle mai laushi a aljihu. Da hunturu ƙura kan kwanta a idon kyamara ba ka sani ba, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Sannan ka koyi yadda wayarka ke ɗaukar hotuna a jere. A wasu wayoyin danne maɓallin ake yi a riƙe, a wasu kuma jan sa ake yi gefe ko ƙasa. Ka gwada da yaran gida suna guje-guje har hannunka ya saba.

Ka isa fili da wuri, ka gaisa da masu shirya gasar da alƙalin wasa, ka nemi izinin tsayawa kusa da layi. Daga nan ka dubi rana. Wasa yakan fara bayan la'asar, rana ta karkata yamma, don haka ka ba ta baya. In ka fuskance ta, 'yan wasa za su fito baƙi ƙirin, ba a gane fuskar kowa.

Wurin tsayuwa shi ne rabin aikin, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Kowa tsakiyar fili yake nufa saboda daga can ake ganin wasa duka. Can ɗin na mai kallo ne. Kai ka koma bayan layin gida, tsakanin turken raga da kwana, a ɓangaren da ƙungiyar da ta fi kai hari take nufa. A nan maharan za su riƙa tahowa suna fuskantarka, ka samu ido da haƙori da gumi, maimakon lambar bayan riga. Ka durƙusa, ko ka zauna a ƙasa. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yakan ɗaga yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya zama ƙato, ya kuma sa sararin sama a bayansa maimakon babura da masu sayar da rake. Bayan hutun rabin lokaci ka sake duba rana kafin ka bi maharan ɗaya gefen.

Kada ka ja hoto da yatsu biyu don kusanto da abin da ke nesa, farfashewa yake yi. Abin da ya faru a wancan gidan ka bar shi ya wuce, ka jira wasa ya zo gabanka. In wayarka tana ba da damar saita saurin ƙiftawar kyamara da hannu, ka sa 1/1000 muddin rana na da ƙarfi, ka sauko 1/500 in ta yi sanyi. Ƙasa da haka ƙafar mai gudu narkewa take yi.

Bugun kwana da bugun tazara da fenareti su ne abincinka, don ka san inda ƙwallo za ta sauka. Ka taɓa wurin a fuskar waya tun kafin a busa, ka fara ɗauka a jere da zarar mai bugu ya ɗaga ƙafa.

Sai babban abin. Ƙwallo ta shiga, fili ya kaure, jikinka na cewa ka yi tsalle. Ka daure na daƙiƙa goma. Ka bi wanda ya ci da kyamara duk inda ya nufa. In ya kuɓuce maka, ka juya ga golan da ya kifa kai a ƙasa, ko dattijon da ya cire hula yana kaɗawa, ko yaran da suka ɓarke cikin fili ba takalmi. Ni dai hoton golan da aka ci ya fi taɓa ni a kan na mai ɗaga kofi, amma ka ɗauke shi da mutunci, ɗan wani ne, kuma gobe a kasuwa za ku haɗu. Mata da 'yan mata a cikin 'yan kallo kuwa, kada ka matsa musu da kyamara sai da yardarsu.

In aka kai ga bugun fenareti, magariba ta kawo jiki, haske ya tafi. Ka daina bin ƙwallo, ka koma kan waɗanda ke tsaye cik: 'yan wasan da suka jeru a tsakiya sun rungumi kafaɗun juna, wani ya rufe ido yana addu'a. Su ba sa motsi, ƙarancin haske ba zai ɓata su ba.

Da daddare ka zauna ka tace. Cikin hotuna ɗari uku ka fitar da goma. Ka tura su ta WhatsApp a matsayin fayil don kada a matse su, ka rubuta sunan kowane ɗan wasa da ranar da sakamakon. Guda ɗaya ko biyu ka kai Gwagwalada a wanko maka a takarda, ka miƙa wa kyaftin ya kai wa mahaifiyarsa.