Yadda Ake Shirya Keken Gwanjo don Tseren Daji a Zariya

Keken hawan dutse iri-iri ne, kuma wanda bai bambance su ba zai zubar da kuɗinsa a banza. Akwai na tsalle, irin wanda 'yan wasa ke juyi da shi a iska a gasar Crankworx ta Whistler a Kanada, ƙarami, sirdinsa a ƙasa, sau da yawa giyarsa ɗaya. Akwai kuma na tseren daji, wanda ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, mara nauyi, an ƙera shi don nisa da hawa da gangara. Na biyun ne ya dace da mu, domin abin da ke gaban matashin Samaru shi ne hanyoyin gona na Bomo da Shika, da burji, da tsakuwar gindin dutsen Kufena. A ganina keken gwanjo mai sauƙin ƙira, in aka bi gyaransa daki-daki, ya fi sabo mai ƙyalli da aka cika da sifirin.

Aiki yana farawa tun a wajen masu kekuna a Sabon Gari. A fara da gangar jikin keken, don ita kaɗai ce ba a sauyawa. A goge ƙura a duba kowane walda, musamman a wuyan keke da gindin sirdi. In aka ga tsaga a jikin alminiyam, a haƙura komai arharsa. Sai mai saye ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, ya tabbatar akwai sarari tsakaninsa da ƙarfen sama. Daga nan a ɗaga kowace ƙafar keken a juya ta: in tana lilo hagu da dama, sai mai gyara ya ɗaure wayoyinta ya miƙar da ita, ya buɗe boris ya wanke ya zuba sabon giris. Ƙafa mai inci 26 ta fi sauƙin samun taya a kasuwanninmu, ko da yake 'yan tseren duniya sun koma inci 29.

Bayan ƙafafu sai birki, kuma bai kamata a taɓa giya ba kafin a gama da shi. A sauya roba da wayar da ta yi tsatsa, a gwada na gaba da na baya daban-daban. Sannan a auna sarƙa: gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa inci 12 ne daidai, to in ta zarce haka a fili ta miƙe, kuma za ta cinye haƙoran giya. Mai kaɗan ake ɗiga mata a goge saura, domin ƙurar hunturu tana manne wa mai ta zama kamar yashi a cikin gaɓoɓi. Taya kuwa a zaɓi mai manyan haƙora, kada a cika ta da iska har ta sandare, don mai ɗan laushi ta fi kama ƙasa. A ƙarshe a ɗaga sirdi har ƙafa ta miƙe idan diddige na kan feda a ƙasa, a sa hular kwano, a gwada keken a fili kafin a nufi dutse.

Wani zai ce keke mai sifirin gaba da baya ya fi daɗi a kan gargada, kuma zakarun duniya shi suke hawa. Gaskiya ne, amma nasu yana aiki da iska da mai, kuma akwai ƙwararru masu kula da shi. Na arha sifirin ne kawai mai nauyi, yana shanye ƙarfin ƙafa a hawa, in mahaɗarsa ta saki kuma kayan gyara sai an sha wahala. Wani kuma zai ce iyayenmu sun yi shekaru suna ɗaukar buhu a kan keken Raleigh a waɗannan hanyoyi. Haka ne, sai dai ɗaukar kaya a hankali daban, gangarowa daga tudu da gudu daban, kuma birkin sanda irin na Raleigh ba ya riƙe ƙafar da ta jiƙe da taɓon damina.

Saboda haka wanda kuɗinsa ba su da yawa ya raba su tun kafin ya shiga kasuwa: kaso ɗaya na keke, ɗaya na birki da taya da hula. In kuɗin ba su kai duka ba, gara a jinkirta saye da a hau dutse da keken da ba ya tsayawa.