Darasi: Gwada Hadda da Mantuwar Tsufa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba ya mantuwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a masallatanmu na Madarunfa mukan ga dattijon da ya yi shekaru yana sahun farko, yau ya kasa tuna raka'a nawa ya yi, gobe ya ɓace a hanyar gida. Sai wasu su ce sammu ne, wasu su ɓoye shi don kunya. Idan aka ce a kai shi likita a gwada tunaninsa, sai a ɗauka cin mutunci ne. Wannan kuskure ne.

Ku sani malaman hadisi sun daɗe da wannan gwaji. An ruwaito cewa da Imamu Buhari (194 zuwa 256 bayan Hijira) ya shiga Bagadaza, malamai suka ɗauki hadisai 100 suka sauya musu isnadi, suka raba wa mutum 10. Ya saurare su duka, sannan ya mayar da kowane hadisi ga isnadinsa. Sun kuma lura da mai ruwayar da haddarsa ta rikice a tsufa, abin da suke kira ihtilaɗi. Misali Aɗa'u ɗan Sa'ib: sun karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga gare shi tun da fari, suka bar na bayan rikicewa, ba su kuwa zubar da girmansa ba.

Likitoci ma suna da nasu ma'auni. A 1975 Marshal Folstein da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da gajeren gwaji mai maki 30. Ana tambayar mutum ranar da ake ciki da wurin da yake. A gaya masa kalmomi 3, bayan ɗan lokaci a ce ya maimaita su. A sa shi ya riƙa rage 7 daga 100, don a ga yadda hankalinsa ke tsayawa wuri guda.

Sai dai a kula. Gwajin ya fi dacewa da masu ilimin boko, saboda haka manomin da bai shiga lakwal ba, ko mai raunin ji, yana iya samun maki kaɗan alhali lafiyarsa lau. Don haka ɗansa ko matarsa su raka shi, su bayyana wa likita yadda yake a da da yadda ya koma. Gwajin ishara ce kawai, hukunci sai bayan bincike.

Amfaninsa biyu ne. Na farko, wata mantuwar tana da sababin da ake magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo, kuma kula da hawan jini yana rage haɗarin wata. Na biyu, idan rikicewar tsufa ce, wadda Allah ya ambata a Suratun Nahli aya ta 70, iyali za su gane cewa ba taurin kai ba ne, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. A tsare masa dukiyarsa, kada a sa shi sayar da gona a wannan hali, kada a yi masa tsawa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa. Wallahu a'alamu.